Haƙorin da Apakuki Ya Ƙi Karɓa

Apakuki Ravula ba mutum ne da ake taruwa a saurara ba. A Vatukoro, ƙauyen Fiji inda aka haife shi, ko a zaman shan yaqona, jiƙon saiwar da ake sha a taron gargajiya, idan hira ta zagayo kansa sai ya ɗaga gira ya miƙa ƙoƙo gaba. Ya yi firamare a ƙauyen, ya yi yankan rake a Labasa da ƙuruciya, ya daɗe yana tuƙa motar katako, da bayansa ya fara damunsa ya dawo gida ya kama gonar gwaza da rogo da mahaifinsa ya bari a kan tudu. A coci shi ne mai buga lali, gangar itacen nan da ke kiran mutane sujada. Shi ke buɗe tagogi, shi ke share kashin jemage kafin kowa ya iso. Matarsa Torika takan ce tun ranar aurensu take yin maganar mutum biyu, kuma har yau ba a biya ta ladan kashi na biyun ba.

'Ya'yansu uku. Maza biyun sun yi nisa, ɗaya a aikin soja, ɗaya a wani otal a Nadi. Autar, Salanieta, ita ta zauna. Ana kiran ta Sala. Tana koyar da ƙananan yara a ajin share fage, tana da muryar da ke ɗaga waƙa idan mawaƙan coci suka fara nutsewa. Ta auri Eroni, daga dangin da ke ƙasan gari wajen bakin ruwa, saurayi mai fara'a a waje.

Yana dukan ta. Duk lokacin da ta gudo gida da kumburarren ido, kafin mako ya zagayo kawun Eroni, wani tsoho mai zaƙin baki da ake kira Manoa, zai shigo da rarrafe, ɗauke da damin saiwar yaqona, ya ba da haƙuri. Apakuki yakan miƙa hannu ya karɓa, don haka ya ga iyaye suna yi. Sala ta koma ɗakinta. Wata Asabar da hantsi aka same ta kwance a bayan kicin. Likita ya ce jini ne ya taru mata a ka, shi ya kashe ta.

Da an bar wa Vatukoro, da maganar ta ƙare a kan tabarma. Abin da ya hana shi ne wata lauya mai suna Vasemaca, wadda ta zo daga Suva, daga wata ƙungiya mai tsaya wa matan da aka zalunta. Gaskiyarta sai a faɗa: ta yi aiki. Ta bi maƙwabta gida gida har biyu suka yarda su faɗi abin da suka ji, ta zauna kusa da Torika a kotu tana riƙe da hannunta. Aka ɗaure Eroni shekaru masu yawa.

Kotu ta yi nata, amma gari ma yana da nasa. Bayan an fita daga zaman makoki Manoa ya dawo, wannan karon da tabua, haƙorin babban kifin teku, a ɗaure da igiyar ɓawon kwakwa. Jini ba a roƙon sa da saiwa. Idan wani daga gidan da aka yi wa laifi ya sa hannu ya karɓi haƙorin, an binne maganar ke nan: mai laifi ya dawo gari, a gaisa da shi, kuma ba wanda zai sake ambaton abin da ya yi, ko da uban yarinyar ne. Idan ba a karɓa ba, ƙafarsa ba za ta taka Vatukoro ba, ko ya gama zaman kurkuku.

Apakuki ya zauna, hannuwansa a kan gwiwoyinsa. Manoa ya gama jawabi ya miƙo, shiru ya yi tsawo, tsohon ya mayar da haƙorin cikin jaka ya fita da baya. Ya dawo da Kirsimeti, ya dawo da Ista, ya zo da hakimi, ya zo da talatala, wato faston garin. Hannun Apakuki bai bar gwiwa ba. Bai taɓa zagin kowa ba, bai ɗaga murya ba. Abin da ya rage masa da zai yi wa 'yarsa ke nan, kuma ya yi shi da kyau.

Ƙungiyar su Vasemaca kuwa ba da iska take tafiya ba. Wata coci ce a gefen birnin Brisbane, can Ostiraliya, take riƙe da ita, da sunan ƙawance. Sharaɗin ƙawancen shi ne duk shekara, idan aka ba yara hutun lokacin sanyi, cocin za ta turo ayarinta su zo su ga adalci da idonsu. Suna sauka sanye da riguna kala ɗaya, an rubuta a baya cewa hannu ɗaya ne, zuciya ɗaya. Sukan fara da ofishin Suva, su jera fayilolin da ma'aikata za su sake jerawa bayan sun tafi. Sai su ƙetaro zuwa tsibirinmu, su tara matan Vatukoro a makaranta, wata yarinya da ba ta yi aure ba ta tsaya gaban allo ta sanar da su cewa dukan mace ba kyau. Matan su gyaɗa kai, su ci biskit. Ƙarshen tafiyar a otal ɗin bakin teku ake yin sa, don a huta daga abin da aka gani.

Amma ƙololuwar ziyarar, abin da ake sayar da kek da gasasshen tsiran alade shekara guda a ƙofar coci domin sa, shi ne yammacin da za a je gidan Apakuki a ji labarin Sala daga bakin mahaifinta.

Vasemaca ce ta roƙe shi da farko. Bai iya ce mata a'a ba, don ya san abin da ta yi musu. Ya zauna ya faɗa a taƙaice, da harshen gida, tana fassarawa, ko da yake Turancinsa na direba ya isa. Baƙin suka yi kuka. Suna zuwa da kwalin takardar share hawaye nasu, a ajiye shi a tsakiyar tabarma tun kafin a fara. Idan an gama sai su kewaye shi da addu'a, kuma ba a rasa wanda zai ɗora masa tafin hannu a tsakiyar ka, abin da ko ɗan cikinsa bai isa ya yi ba.

"Taubashi, masu kukanka sun sauka," in ji Semiti kowace shekara. Semiti ɗan goggon Apakuki ne, kuma shi ne mai magana da yawun hakimi a duk wani taron al'ada. "Na ga motarsu a kan gada. Bana har da wani dogo mai jita."

"Ka zo ka taya su. Kai ma ba ka da aikin yi."

"Ni? Hawayena na biya ne. Su nasu kyauta suke kawowa tun daga Brisbane, har da kuɗin jirgi."

Torika kuma daga kicin: "Ka sa rigar nan mai tsabta, tsoho. Kada su koma su ce talauci ne ya kashe mana 'ya."

Fuskokin ayarin suna sauyawa, biyu ne ba sa sauyawa. Ɗaya Fasto Darren, mutum mai faɗin ƙirji da murmushin da ba ya hutawa, wanda ke kiran kowa ɗan'uwa tun kafin ya ji sunansa. Ɗayar Noelene, gwauruwa, ta yi ritaya daga ofishin wata makaranta. Noelene ba muguwa ba ce. Ita dai ba ta iya ganin abu a ajiye ba ta gyara masa zama ba. Idan yaro ya yi tuntuɓe ita ce ta farko a kansa, idan an yi shiru a ɗaki ita ke cike shi. A zuwanta na biyu ta rungume Torika ta ce ji take kamar uwa ɗaya ta haife su. Torika ta ce, "To, ai ke 'yar gida ce," kamar yadda ake gaya wa duk wanda ya ci abincin gidan sau biyu. Noelene ta riƙe maganar. Da shekara ta zagayo ta zo da damin yaqona mafi girma da ta samu a kasuwar Savusavu, ta ce tana so a yi mata bikin shiga dangi sosai, yadda ake yi.

Aka yi mata. Semiti ya faɗi kalmomin yana danne dariya, Apakuki ya taɓa damin, aka tafa. Kowa ya ɗauka wasa ne mai daɗi, kuma ba wanda ya ga laifin faranta wa tsohuwa rai. Daga ranar Noelene ba ta ƙara zama a wajen ƙofa tare da baƙi ba. Tana shiga sai ta wuce ciki, ɓangaren masu gida, cikin rigar anko da Torika ta ɗinka musu su biyu. A Brisbane, an ce, ba ta buɗe baki ba tare da ta ambaci danginta na Fiji ba.

Fasto Darren shi wani abu ne ke yi masa ƙaiƙayi. Duk shekara, bayan addu'a, sai ya dafa kafaɗar Apakuki ya sassauta murya.

"Ɗan'uwa, yaya zuciya? Ubangiji ya fara buɗe maka ƙofar gafara?"

"Muna nan," in ji Apakuki.

Fasto bai taɓa jin wannan a matsayin amsa ba. Ya taɓa gaya wa talatala a gaban mutane cewa labarin yana da ƙarfi sosai, sai dai ba shi da ƙarshe, kuma jama'arsa a gida suna tambaya. Mutum ya ba da kuɗin baiko a coci shekara da shekaru, yana so ya ga inda abin ya kai. Talatala, wanda ke fatan baƙin za su waiwayi rufin cocinsa, ya ce ai akwai al'ada mai kyau a nan ta sulhu. Fasto ya ce yana so ya ji. Kafin ayarin ya tafi a shekarar, an gan shi a ƙasan gari yana shan yaqona da Manoa.

Shekarar da ta biyo, ranar jin labari ta faɗo Laraba. Aka shimfiɗa sababbin tabarmi, baƙi suka cika rabin ɗakin, kwalin takarda a tsakiya. Apakuki ya kai daidai wajen da likita ya fito ya yi musu magana, sai haske ya ragu a ƙofa. Manoa ne, da mazan danginsa a baya, da talatala, da hakimi. Semiti ya shigo ƙarshe, kansa a ƙasa, don an kira shi ne bai san dalili ba sai a hanya. Vasemaca ta tsaya da fassara.

"Wa ya gayyato su?" ta tambayi Fasto da Turanci.

"Ki bar Ruhu ya yi aikinsa," ya ce, yana yi wa dogon mai jita alama ya ɗaga wayarsa.

Lissafin Manoa a fili yake: mutum ba zai so ya ƙi a gaban baƙi ba. Ya durƙusa a tsakiyar ɗaki, ya zaro haƙorin, ya riƙe shi da hannu biyu, igiyar a dama, ya fara. Ya ambaci kakanni, ya ambaci jinin da ya haɗa dangin biyu, ya ce Eroni ya zama wani mutum a kurkuku, har yana jagorantar karatun Littafi. Ya ce ga bayin Allah sun ƙetaro teku, bai dace su koma da labarin gari mai taurin zuciya ba. Sa'annan ya miƙa hannuwansa gaba ya sunkuyar da kai.

Apakuki ya dubi bango. Hannuwansa suna inda suka saba.

Duk ɗan Vatukoro da ke ɗakin ya san shirun nan, ya san shi ne amsa, ya kuma san cewa ana barin sa ya yi tsawonsa don a ba mai roƙo girmansa. Idan ya isa, tsohon zai mayar da kayansa ya fita. Baƙin ba su sani ba. Suka fara motsi. Wata ta ja takarda daga kwali, ƙarar ta cika ɗakin. Fasto ya fara addu'a a ƙasan maƙoshi. Manoa ya tsufa, kuma haƙorin yana da nauyi. Hannuwansa suka fara rawa, da gaske ko da gangan, Allah ne masani.

Noelene ta kasa jurewa. Ta dubi Torika, ta dubi Apakuki, ta ga ba mai niyyar taimakon dattijo. Wataƙila ta zaci kunya ce ta hana Apakuki, ko ciwon bayansa. Ta miƙe tsaye, a ɗakin da kowa ke zaune, ta taka zuwa tsakiya cikin rigar ankonta.

"Ayya, Baba, kawo in miƙa maka," ta ce.

"Noelene, kar ki taɓa!" Vasemaca ta yi ihu.

Ta riga ta taɓa. Manoa ya saki haƙorin da saurin wanda ya saki tukunya mai zafi, rawar hannun ta ɗauke. Kafin ta juya, mazan da ke bayansa sun fara tafin nan mai zurfi na karɓa. Talatala ya shiga tafin. Hakimi ya juya ya dubi Semiti, don shi ne zai rufe.

Semiti ya dubi taubashinsa, yana jira.

Kalma ɗaya ta rage wa Apakuki: ya ce matar nan ba 'yar gidansa ba ce. Ya san ta, tana bakinsa. Amma rabin mutanen ɗakin suna nan ranar da ya taɓa damin yaqonarta, da bakin Semiti aka shigar da ita. Idan ya ce wancan wasa ne, ya ce ke nan kalmomin da ake faɗa a kan tabarma ana iya ɗaukar su a ajiye yadda aka ga dama. Kuma da ƙarfin waɗannan kalmomin ne kaɗai ya tsare Eroni a wajen gari duk shekarun nan. Ba shi da bindiga, ba shi da katanga. Idan tabarma ba ta ɗaure shi ba, ba ta ɗaure dangin Eroni ba. Ya juya abin ta kowace fuska, ya ga duk inda ya bi a wuri ɗaya zai fito.

Ya haɗiye kalmar. Semiti ya share maƙogwaro, ya faɗi kalmomin karɓa da muryar da ba a san shi da ita ba, ya ce an binne, ƙasa ta rufe. Aka amsa, aka tafa.

Baƙin suka ga ana tafi, suka shiga da nasu tafin na filin ƙwallo. Wasu suna kuka suna dariya. Fasto Darren ya ɗaga hannu sama yana cewa ya gode, ya gode. Noelene ta durƙusa gaban Apakuki, fuskarta jiƙe, ta miƙo masa haƙorin.

"Ga shi, yayana. Naka ne."

Ya dube ta kamar yadda yake duban akuyar da ta shiga masa gona: ba haushi, don ba ta san gona ba ce.

Torika ce ta yi magana, da Turancinta na kasuwa, a hankali don kowa ya ji. "Riƙe abinki, 'yar'uwa. Ke kika yafe. Sai ki faɗa mana me kika yafe, don mu dai mun ga gawar."

Noelene ta tsaya da haƙorin a hannu, ba ta gane ba, tana murmushi tana neman wanda zai fassara mata. Talatala ya matso ya karɓe shi da ladabi, ya ce za a ajiye a coci.

A waje, bayan tankin ruwa, Vasemaca ta sami Apakuki yana wanke ƙoƙunan da ba a sha komai da su ba.

"Kawu, Allah ya sani ban san da wannan ba."

"Na sani."

"A kotu ba ya canza komai. Zai gama wa'adinsa."

"Daga nan fa?"

Ya kife ƙoƙon da ke hannunsa, ya dube ta.

"Za ki faɗa musu abin da suka yi?"

"Zan yi wa Fasto magana."

"Ba shi na ce ba. Su. Da waɗanda suka turo su."

Ta dubi motar baƙin da ke fake a ƙarƙashin mangwaro. "Kawu, mata nawa ne fayilolinsu ke kan teburina yanzu haka. Idan cocin nan ta janye, ko man mota ba mu da shi."

"To, je ki. Suna jiran ki ɗauke su hoto."

Ta yi wa Fasto magana, kamar yadda ta ce. Ya saurara da kai a karkace, ya ce Ubangiji yakan yi amfani har da kuskuren bayinsa. An ce Noelene ta yi kuka a otal, ta ce ita da zuciya ɗaya ta yi, kuma kowa ya tabbatar mata haka ne. A Lahadin da ayarin ya ba da rahoto a Brisbane, an haska hoton a bangon coci: tsoho a durƙushe, mace fara cikin rigar fure, haƙori a tsakaninsu, Apakuki a gefe ya ɗan fita daga haske. Jama'a suka miƙe tsaye. Masu son zuwa a shekara mai zuwa suka yi yawa har aka raba su gida biyu.

Da suka zo, suka tarar ba labari. Apakuki ya shimfiɗa musu tabarma, Torika ta kawo shayi da dafaffen rogo. Fasto ya ce sababbin suna ɗokin ji daga farko har zuwa ranar mu'ujiza.

"An binne," in ji Apakuki, da Turanci, da kansa.

"Haka ne, ɗan'uwa, haleluya! Shi muke so ka ba su."

"Abin da aka binne ba a ba da shi. Ku sha shayi."

Suka sha shayi. Kwalin takarda ya koma mota ba a buɗe ba. Daga shekarar ayarin ya koma zuwa wani ƙauye a ɗaya gefen tsibirin, inda aka samo wata uwa mai irin wannan labari.

Eroni ya fito kafin cikar wa'adinsa, saboda kyan hali. Danginsa suka tarye shi a bakin ruwa, aka yanka alade. Ran Lahadi Apakuki ya buga lali kamar kullum, ya buɗe tagogi, ya zauna a bencinsa. Eroni ya shigo cikin farar riga, ya yi ƙiba, ya wuce wajen mawaƙa. Da aka tashi, talatala ya tsaya a ƙofa ana gaisawa, gari duka ya rage tafiya don ya gani. Eroni ya zo ya rusuna.

"Baba."

"Ka dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Madalla."

Torika ba ta zo sujada ba ranar, ba ta kuma sake zuwa ba. Da ya koma gida ta ce, "Ka gaishe shi?"

"Na gaishe shi."

"Da wane bakin?"

"Da wanda ya rage."

A cikin makon ya hau rufin gidansa ya fara cire kwano. Semiti ya zo ya tsaya a ƙasa, hannu a ƙugu.

"Taubashi, haukan tsufa ne, ko gara ce ta ci katakon?"

"Riƙe min tsani."

"Ni na faɗi kalmomin nan. Ka san ba yadda zan yi."

"Na ce ka riƙe tsani, ba wa'azi ba."

Semiti ya riƙe. Su biyu suka yi ta jigilar kwano da katako zuwa kan tudu, tsofaffi biyu masu ciwon baya, suna hutawa a kowace kwana. Suka kafa ɗaki ɗaya da rumfar girki a gefen gonar gwaza. Apakuki ya miƙa sandunan lali ga wani, bai ba da dalili ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Can yake har yau, shi da Torika. 'Ya'yansa maza sun yi ta kiran sa ya koma wajensu, ya ce gwaza ba ta son a bar ta. A gari idan maganarsa ta taso sai a ce mutumin kirki ne, ya yafe abin da ba kowa zai iya yafewa ba, kuma bai taɓa saukowa ya ƙaryata ba.

Gonar dangin Eroni tana gaba da tasa kaɗan, hanya ɗaya ce. Da safe Eroni yakan wuce ta ƙasan tudun, adda a kafaɗa, wani lokaci da sabuwar matarsa a baya. Yakan tsaya ya ɗaga murya ya ce, "Baba, barka da aiki." Torika takan shige ɗaki ta ja ƙofa. Apakuki yakan miƙe daga kan kunya, ya ce, "Barka kadai," ya jira har sun wuce, sa'annan ya sunkuya ya ci gaba da haƙa.